Abin da Asibi Ta Faɗa a Bakin Juji

Cikin nan na huɗu, ko zare Asibi ba ta zura a allura ba. Duk wanda ya san ta a barikin 'yan reluwe na Nguru ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, don mace ce da hannunta ba ya zama banza. Kullum ka bi ta ƙofar ɗakinta za ka same ta da yadi a cinya, allura a baki, tana amsa gaisuwa ta hanci. Rabin yaran barikin da rigar da ta ɗinka aka yi musu suna. Amma ga nata cikin ya fito, ya tsufa, har ta daina ganin yatsun ƙafarta, babu hula, babu riga, babu ko zanen goyo.

Mijinta Yuguda lebura ne a rumfar kaya ta tasha, inda ake loda wa jirgi gyaɗa da fatu da bandar kifi. Tare suka taso daga ƙasar Bauchi, Kiristoci ne su biyun tun daga gida. Bawan Allah ne mai son waƙa, muryar kuwa sai haƙuri, amma har yau ba a samu mai ƙarfin halin gaya masa ba. A 'yar majami'arsu ta zana da kwano shi ke ɗaga waƙa, sauran jama'a su biyo shi a baya suna gyarawa. Wata rana ya dawo daga aiki, ya yi ta kame-kame, can ya ce ya ga wani yadi mai furanni a kanti.

Asibi ba ta ɗago ba ta ce, "Maigida, in ka shigo mini da ko ƙyalle ne gidan nan, a murhu zai kwana."

Ya san ba rashin kunya ba ce.

'Ya'ya uku suka binne a rairayin bayan bariki. Na fari namiji, mai faɗin goshi irin na ubansa, har ya fara tsayawa yana dafa bango, ƙyanda ta ɗauke shi. Ta biyu ba ta kai ranar suna ba. Ta ukun ita ce ta fi ci mata rai, don wannan ta yi ƙiba, ta iya dariya, ta iya miƙo hannu in ta ga uwarta, sai zazzaɓin damina ya zo ya wuce da ita. Kowannensu Asibi ta yi masa ɗinki tun yana ciki. Kowannensu ya bar kayan ba su ko koɗe ba.

Masu gaisuwa sun zo, kowa da abin da ya kawo a bakinsa. Wasu suka ce Allah ya fi mu sani. Wata mata mai yawan azumi ta ja ta gefe ta ce ta binciki zuciyarta, ko akwai zunubin da ta ɓoye. Asibi ta bincika kuwa, ta juye rayuwarta kaf kamar mai neman kobo a buhun gero, ba ta ga abin da ya kai ran yara uku ba. Ba ta daina zuwa sujada ba. Ranar Lahadi takan ɗaura kallabinta ta zauna a bencin baya. Sai dai waƙa ta bar bakinta, in kuma aka ce Ubangiji nagari ne, jama'a suka amsa, ita sai ta duba ƙasa. Tambaya ɗaya take yi masa safe da yamma, me na yi? Ba a taɓa ba ta amsa ba.

Da watanta ya kusa, Yuguda ya ce wannan karon a Gashuwa za ta haihu, tunda can akwai ɗakin magani na mishan da baturiya mai karɓar haihuwa. Ya sa ta a gaban wata lori mai komawa wofi, ya roƙi direba ya bi da ita a hankali, abin da ba direban hanyar nan da ya taɓa yi. Masauki kuwa gidan Ya Kellu.

Ya Kellu Babarbariya ce, Musulma, tsohuwa mai sana'ar banda a bakin kogi. Kwandunanta ta tashar Nguru suke bi, kuma ta daɗe da lura cewa in Yuguda ne ya loda, kifinta ba ya zama gari kafin Kano. Wannan ne duk dangantakar, amma a wurinta ya isa zumunci. Bakinta kaifi, hannunta a sake. Hausarta irin ta Barebari ce, sai ta ce wa mace kai, ta ce wa namiji ke, ba ruwanta. Ni dai zan miƙe muku ita don kada ku ruɗe.

Tana ganin Asibi ta sauko daga mota ta riƙe haɓa. "Wannan ce matar? Cikin ya fi ta nauyi. A Nguru iska kuke ci ne? Shigo, 'yata, shigo kafin ki karye mini a ƙofar gida."

Haihuwa ta zo da sauƙi, mace aka samu. Suka dawo gida, Ya Kellu ta ɗaura ɗamara. Ita ce dafa ruwan wankan jego safe da yamma, ita ce dama kunun kanwa, ita ce gasa kifi ta yayyafa yaji ta tsaya a kan Asibi sai ta cinye. Cikin wannan hidima idonta na kan abu guda. Mai jegon nan tana ba da nono a kan lokaci, tana wanke jaririya, tana shafa mata mai, ba abin da ta rage. Amma duk sanda ta ɗauke ta, fuskarta na kallon bango. Ba ta yi mata wasa, ba ta ce mata komai. Ya Kellu ta gane, don ita ma ta taɓa kallon bango.

Ana saura kwana biyu suna, suna zaune a tsakar gida da hantsi, wani ƙato ya shigo da kwandon kifi a ka, sai da ya sunkuya kafin ƙofa ta ɗauke shi. Ya gaishe su ya ajiye ya fita.

"Kin ga wannan?" in ji Ya Kellu. "Ɗana ne. Ajuji sunansa. Kafin shi huɗu na binne."

Asibi ta juyo.

"Wabi ake ce mini, har matan unguwa ba sa bari in taɓa 'ya'yansu. Da na haife shi sai wata tsohuwa Bakatsiniya ta ce mini, ke, son da kike nuna musu ne ke jawo ido. Abin da aka ga uwa ta ƙwallafa wa rai shi ake ɗauka. Ranar suna da safe ki kai shi juji ki ajiye, ki ce ba kya so, ki juya baya. Wani ya tsinta, ya zama ɗan tsintuwa. Wa zai wahalar da kansa a kan abin da aka yar?" Ta nuna ƙofa da leɓe. "Ga shi nan, tuwon mutum uku yake ci."

Asibi ta dubi jaririyar da ke kwance a gefenta. Sannan ta ce, "Ya Kellu, in na faɗa, wa zai ji?"

"Mai ɗauka mana."

"Wane ne shi?"

Tsohuwar ta watsa hannu. "Ni na gan shi? Wasu su ce iska, wasu su ce maita, wasu su ce kwana ne ya ƙare. Ni ban tsaya tambayar sunansa ba, ɗana nake so. Ba tsafi ba ne, 'yata, ba yanka, ba turare. Magana ce ta baki. Jibi da safe, kafin mijinki ya iso, ki ajiye, ni in ɗauka. Daga ni sai ke."

Asibi ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Amma ranar nan duk sanda Ajuji ya gitta, sai ta bi faɗin bayansa da kallo.

Washegari da la'asar Baba Ibram ya zo barka. Shi ne mai gadin ɗakin magani, shi ne kuma ke jan addu'a ga 'yan Kiristocin Gashuwa, waɗanda tabarma biyu ke ɗauke su duka. Kuturta ta cinye masa yatsu tun yana saurayi, magani ya zo ya tsayar da ita bayan ta gama ɓarnarta. Ya zauna nesa kaɗan, yadda ya saba, ya ce gobe in Allah ya kai mu shi zai yi addu'ar suna.

Asibi ta ce, "Baba, zan yi tambaya, kada ka ba ni amsar da ake ba yara."

"Ina jin ki."

"Uku Ubangiji ya karɓe mini. Me ya sa?"

Tsohon ya dubi hannuwansa. "Ban sani ba, 'yata."

"Kai ma?"

"Ni ma. Na tambaye shi a kan waɗannan har na tsufa, bai gaya mini ba. In na ƙago miki dalili yanzu, ƙarya zan yi, ke ma za ki gane." Ya gyara zama. "Abu ɗaya na riƙe. Wanda muke tambayar nan, shi ma an kashe masa Ɗa yana gani. Ya san ɗakin da aka fitar da gawar yaro. In na tuna haka, sai in kasa ɗaukarsa mugu, ko da na so."

"Wannan ba amsa ba ce, Baba."

"Ba amsa ba ce," in ji shi. Ya yi mata sallama ya tafi, ya bar ta da haushin da ya fi na da.

Safiyar suna, rana ta ɗan ɗaga, Ya Kellu ta leƙo ɗaki ta yi mata alama da ka. Asibi ta naɗe jaririya a wani tsohon zane ta fito. Ta bi bayanta. Kada wani ya zarge ta sai in ya taɓa haƙa ƙaramin kabari sau uku.

Jujin na bayan gida, gefen wata tsamiya. Toka ce, da ɓawon kifi, da fasassun ƙwarya, kaji na tono. Ya Kellu ta riga ta shimfiɗa wani yagaggen zana a kai don kada ƙasa ta taɓa yarinya, ta koma bayan danga ta laɓe. Asibi ta kore kajin, ta durƙusa, ta kwantar da ita. Ta miƙe. Abin da ya rage kalma uku ce: ba na so.

Ta buɗe baki. Daidai nan rana ta ratso ganyen tsamiya ta sauka a fuskar jaririyar, yarinya ta yamutsa hanci ta yi atishawa, wata 'yar mitsitsiyar atishawa kamar ta kyanwa. Kafin Asibi ta tuna ba ta kallo, ta riga ta kalla.

Goshin nan ne. Faɗin goshin Yuguda, irin na ɗanta na fari sak. Ƙaramin bakin kuwa na ta ukun ne, har da ɗan lotsawar haɓa. Kwana bakwai yarinyar nan na kwance a jikinta ɗauke da fuskar 'yan'uwanta, ita ba ta sani ba. Jaririyar ta buɗe ido ɗaya, ta motsa hannu a iska tana laluben wanda ya ajiye ta.

"Faɗi mana," Ya Kellu ta yi raɗa daga bayan danga. "Faɗi ki juya."

Asibi ta duba hagu da dama. Ba kowa sai kaji. To wa za ta faɗa wa? Ita dai ba ta san wata iska ba. Duk shekarun nan Ubangiji kaɗai take tuhuma, gabansa take durƙusawa safe da yamma tana cewa me na yi. In ta ce ba na so, shi za ta gaya wa. Shi za ta ɓoye wa yarinyar nan, yadda ake tura akuya ɗaki in an ji kura a gari. Ashe nan ta kai shi a zuciyarta, ba ta taɓa faɗa wa kanta ba sai yau.

Ta sake durƙusawa a cikin tokar.

"Ubangiji," ta ce, "ina son ta."

Bayan danga aka ja numfashi.

"Ka ji ni? Ina son ta. Na so na farko, na so ta biyu da ko suna ba ta samu ba, na so ta uku. Ka karɓe su, ban san dalili ba, na tambaya ka yi shiru, kuma har yanzu ina jin zafinka, ba zan ɓoye ba. Amma kai ka ba ni wannan. Ba zan yi maka ƙarya a kanta ba, ba zan ɓoye maka ita kamar ɓarawo ba. Ga ta nan, ka gan ta. In kai nagari ne yadda ake faɗa, to nagari ne ko ban gane ba. Ni dai ina son ta."

Ta sa hannu biyu ta ɗauki 'yarta da kanta, ta rungume, sai kukan da ta riƙe tun daga Nguru ya ɓalle. Ta yi shi sosai, irin na mai ciwo da aka matse wa ƙurji.

Ya Kellu ta fito daga maɓoyarta tana tafa hannu a hankali. "Shi ke nan, kin ɓata aikin. Kai, wannan yarinya da taurin kai take. Na shimfiɗa zana, na kori mutane, ki zo ki tsaya kan juji kina shela." Tana faɗa tana share ido da bakin mayafi. Ta matso ta leƙa fuskar jaririyar, ta daɗe tana kallo. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ni ranar da na faɗa, bakina ne kawai ya faɗa. Wanda ya halicce mu ai ya san cikina. Wataƙila dai tausayina ya ji." Ta kakkaɓe wa Asibi toka daga zane. "Tashi mu je. Allah ya raya ta. Ki sake wanka, kina warin kifi."

Rana ta kusa tsaka lorin Nguru ta iso. Yuguda ya shigo fari fat da ƙurar hanya, da ɗan ƙunshi a hammata wanda yake ta ƙoƙarin ɓoyewa a bayansa. Ya tarar da matarsa zaune a inuwa, ta ɗora jaririya a cinya, ta sunkuya tana yi mata magana. Ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Maigida, sannu da hanya," ta ce. "Zo ka ga abin da ka yi wa 'yar mutane. Duk goshin nan ina za ta kai shi?"

Ya zo ya durƙusa. Ya miƙa yatsa ya shafa goshin yarinyar a hankali.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarmi biyun nan, Ya Kellu da maƙwabtanta suka zauna daga gefe, Ajuji ya kawo kifin da ya ishi unguwa. Da za a yi addu'a Asibi ta tashi ta nufi Baba Ibram da yarinyar. Tsohon ya ja baya, don rabon da wata uwa ta miƙa masa jariri har ya manta. Ta ce, "Baba, karɓi mana, hannuna ya gaji." Ya tallabe ta a kan damatsansa, ya tambayi sunan. Asibi ta dubi mijinta, ya gyaɗa mata kai, ta ce Alheri. Ta faɗe shi da ƙarfi, yadda har na bayan danga zai ji. Yuguda ya ɗaga waƙa, ya kauce hanya kamar kullum, sai ga wata murya daga ɓangaren mata ta biyo shi tana gyarawa. Ya gane muryar, bai juya ba, don kada ta daina.

Bayan an watse ta ce, "Wannan ƙunshin da kake ta zama a kai tun ɗazu, na mene ne?"

Ya sosa ƙeya. "Ban shigar da shi gida ba, Asibi. A rumfar kaya na ajiye, bayan buhuna. Kin ce gida."

Yadin nan ne mai furanni. Ta warware shi a cinya, ta shafa, ta aika aka aro mata almakashi. Ta auna da tafin hannu, ta ƙara, ta sake ƙarawa, sannan ta fara yanka. Yuguda na kallo har ya kasa haƙuri.

"Anya bai yi mata yawa ba? Wannan ai ta yarinya mai gudu ce."

A cikin 'ya'yansu ba wanda ya taɓa kai gudu. Su biyun sun sani, ba wanda ya faɗa.

"Na sani," in ji Asibi.

"To in..."

"Ban sani ba, Maigida. Ba a gaya mini ba." Ta dubi Alheri da ke barci a gefenta, ta gyara mata zane. Sannan ta lashi bakin zaren, ta ɗaga allura wajen haske, ta zura.